Wata a Samaniyar Sakkwato: Kusantowa, Nisa da Husufi

Da magaribar ranar 29 ga Sha'aban, Musulmin Najeriya kan kasa kunne ga fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suna jiran sanarwar ganin jinjirin wata. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa wata kan ɗauki kwana 29 da rabi, shi ya sa shekarar Hijira ke da kwana 354, azumi kuma ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Hanyar wata ba da'ira ce cif ba. Yakan kusanto duniya zuwa kilomita 363,000, ya nisanta zuwa 405,000. Idan ya cika yana kusa, ya fi girma da haske.

Husufi fa? Hanyar wata ta karkace da digiri 5, don haka sau biyu kawai a shekara ake samun lokacin da rana, duniya da wata za su iya jeruwa. A ranar 29 ga Maris 2006 wata ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, Sakkwatawa kuwa suka ga ta dusashe da hantsi.

Husufin wata ba ya cutar da ido, amma kallon na rana kai tsaye na iya makantarwa.