Dara ta shiga WhatsApp: Yadda ake mayar da wasan gindin bishiya yaƙin kare gari

A Jandutsi da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, dara ba ta buƙatar kuɗi: ramuka 30 a ƙasa, tsinke 12 a hannun wannan, tsakuwa 12 a hannun wancan. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗan abokin karawarsa. Sai dai majalisar tana raguwa. Samari sun tafi cin rani ko karatu, waɗanda suka rage kuma idonsu na kan waya.

Wayar da ta watse majalisar ita ce kuma za ta iya haɗa ta, in aka ari dabarar masu wasan yaƙi na kan tebur.

A 1824 wani hafsan sojan Jamus, Reisswitz, ya gabatar da wasan horar da sojoji a kan taswira, da alƙali a tsakani. Daga baya ya zama abin nishaɗi, har kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Warhammer 40,000 a 1987. A wani salon buga shi, wasa ɗaya ba ya ƙarewa a kansa: garin da ka rasa yau, da rashinsa za ka shiga karawar gobe.

Haka za a iya yi da dara. A buɗe zaure, a zana taswira, kowane ɗan wasa ya riƙe gari. Ana karawa ido da ido inda aka saba, a turo hoton sakamako, wanda ya yi nasara ya karɓe yankin maƙwabcinsa. Na nesa kuma su buga ta kiran bidiyo. Duk mako mutum guda ya ba da labarin yaƙin da saƙon murya, don wanda bai iya karatu ba.

Labari kuwa ba sai an je nesa ba. Ga Kanta, wanda ya bijire wa Askiya na Songhai a ƙarni na 16 ya kafa Surame. Amma yaƙe-yaƙen Gwandu da Argungu gara a bar su, kada a fama tsohon miki.

Abin da ke kashe irin wannan zaure uku ne. Na farko saɓanin doka, domin kowane gari da darar sa, don haka a rubuta ƙa'ida tun ranar farko, har da hukuncin jera huɗu. Na biyu alƙalin da ke da gari a taswira. Na uku kuɗi: da zarar an fara zubi, wasa ya koma caca, dattawa su janye, dara ta ci gida.

A ɗora alƙalancin a kan dattijon da ya fi kowa iya wasan. Ko ba shi da babbar waya, jikansa zai riƙa tura hukuncinsa, kuma a nan yaron zai koyi darar.