Zabuwa da Zanenta

Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta, in ji masu iya magana. Akan faɗi haka ga wanda aka tarar da shi cikin rufin asirinsa tun fil azal. Sai dai tsakon zabo ba da wannan ado yake fitowa daga ƙwai ba. Ruwan ƙasa ne mai ratsi a ka, sai ya tasa ɗigon ke bayyana.

Uwar ba ta da haƙurin reno. Da damina take zuba ƙwai a ɓoye cikin ciyawa, shi ya sa mutanen karkara ke kwashewa su sa wa kaza. Kazar da ta saba tashi daga kwanci a kwana 21, sai ta kai wajen 28. In 'ya'yan sun girma, bisa itace suke kwana, baƙo bai isa ya shigo ba su tona shi ba. Zabo ya fi son gudu da ƙafa, amma in ya firgita sama yake yi farat ɗaya, abin da 'yan kasuwa ke kira tashin gwauron zabi ke nan idan farashi ya haura.

Ni dai suturarta ta fi ɗaukar hankalina. Tsinci gashinta ka duba: baƙi ne mai sirkin toka, an yayyafa masa fari. Wajen wuya ɗigon ƙanana ne, a jiki su ƙara girma, a dogayen gashin fiffike kuma su haɗe su zama ratsi. Zane iri-iri a jiki ɗaya, babu wanda ya danne wani, domin launin biyu ne tak, girman zanen ne ya bambanta. Ja da shuɗi kuwa ta bar su a kai kaɗai, inda babu gashi. Macen da ke shakkar haɗa riga mai ɗigo da zani mai ratsin baƙi da fari, ta tsaya ta kalli zabuwa tana kiwo.

Masaƙa sun daɗe da ganin haka. Saƙi, da ake saƙawa da farin zare da wanda ya sha baba har ya yi baƙi, kamanninta ya ɗauko, har Nufawa da Yarabawa na kiransa da sunan tsuntsuwar. Babbar rigar saƙi takan sha aikin aska takwas da farin zare, zane a kan zane, sannan a yi mata shafi da jan alharini ta ciki.