Kafin Mu Sake Haɗa Kuɗin Burtsatse A Kafanchan, Mu Fara Tambaya: Wa Zai Gyara?



Ni ɗan Kafanchan ne, a ƙaramar hukumar Jema'a ta jihar Kaduna. Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma tun da na gama sakandare nake bin tirela tsakanin gida da kwatar Oko-Oba da ke Agege. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata asara da muka yi, wadda na san ba mu kaɗai ta taɓa samu ba.

Mu 'yan gida da ke Legas mun taɓa haɗa kuɗi muka haƙa rijiyar burtsatse mai sola a unguwarmu, kusa da inda ake tara shanu kafin lodi. Aka ɗora tanki, aka gina kwami na dabbobi, aka ja famfo huɗu na mutane. Ranar buɗewa har sa aka yanka. Shekara ɗaya da 'yan watanni, a tsakiyar bazara, ruwa ya ɗauke. Wanda ya yi aikin wayarsa ba ta shiga. Muka kira mai gyaran waya, ya duba ya ce ba fanninsa ba ne. Sai da aka yi wata uku kafin a samo wanda ya san aikin, ya zaro injin sumo ya ce ya ƙone, saboda ruwan ƙasa ya ja baya a rani, injin ya yi ta juyawa a bushe. Ya ce da an sa wata 'yar na'ura mai kashe injin in ruwa ya yi ƙasa, kuma da akwai mutum ɗaya a unguwar da aka koya wa lura da shi, da ba a kai nan ba.

Da na gaya wa mahaifina, sai ya ce: "Kai yaro, ka taɓa ganin na sayi garke ban nemi makiyayi ba?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ku kun sayi garke kun sake shi a daji."

Tun daga ranar na fara bin diddigin yadda harkar ruwa take tafiya. Ga abin da na fahimta.

Ruwa akwai, kai shi gida ne aiki

Duk wanda ya san Kudancin Kaduna ya san ba ƙasar fari ba ce. Damina tana daɗewa fiye da ta Kano ko Katsina. Ga duwatsun Kagoro da ƙoramu ke gangarowa daga cikinsu, ga ruwan Matsirga da mutane ke zuwa kallo kusa da Kafanchan. Kai, madatsar ruwa ta Gurara ma a wannan yankin take, kuma daga nan ake tura ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma da ke shayar da Abuja.

Garin Kafanchan kuma ba sabon shiga ba ne a harkar injina. Tun wajen 1927 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Kakana ya sha ba mu labarin lodin shanu a jirgi zuwa Kudu. Abin da ya riƙe jirgin a wancan zamani shi ne ma'aikatan da aka horar, masu duba layi da masu gyaran inji. Ruwan famfo ma haka yake.

Mene ne tallafin ƙwararru?

In ka ji a rediyo an ce Bankin Duniya ko wata ƙasa ta ba da tallafi a harkar ruwa, yawanci kashi biyu ne. Kashi na farko na gini ne: madatsa, matatar ruwa, bututu, tanki. Kashi na biyu shi ne wanda ba a yanka masa kyalle ranar buɗewa, wato tallafin ƙwararru da horo. A nan ne ake turo injiniyoyi da masana lissafin kuɗi su zauna da ma'aikatan hukumar ruwa, ko a tura ma'aikatan bita, don su iya riƙe abin da aka gina.

Abubuwan da ake koyarwa ba wasu boyayyu ba ne. Na farko, tace ruwa. Ruwan kogi yana shigowa matata da laka, sai a zuba masa alif, irin dai wanda iyayenmu mata ke sawa a randa, laka ta dunƙule ta kwanta. Daga nan ya bi ta cikin yashi ya tace, sannan a sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Amma awon alif na watan Agusta, lokacin da kogi ya yi ja, ba ɗaya yake da na watan Janairu ba. Dole ma'aikaci ya iya gwadawa a kwalabe kafin ya zuba. Kulorin ma da ma'auninsa: ana so ya rage tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita lokacin da ruwan ya iso bakin famfo. In ya gaza, cuta ta samu hanya. In ya yi yawa, mutane su ce ruwan yana wari su koma rafi.

Na biyu, gyaran inji kafin ya lalace: sa mai, canza roba, sauraren ƙarar famfo, rubuta awa nawa ya yi yana aiki. Na uku, farautar ruwan da ke ɓacewa, wanda aka kashe kuɗi aka tace amma ya zube ta fasasshen bututu ko wani ya ja ta bayan fage. Na huɗu, kuɗi: rajistar masu amfani da ruwa, sa mita, raba takardar biya, da karɓar kuɗin ta hanyar da zai isa asusun hukuma.

Wannan na huɗun shi ne mutanenmu ba sa son ji. Amma mu 'yan kasuwa mun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. In hukuma ba ta tara kuɗi ba, ba ta sayen alif da kulorin da man janareto. In ba ta saya ba, ruwa ba ya zuwa. In ruwa bai zo ba, mutane su ƙi biya. Haka abin yake zagayawa, kuma babban aikin ƙwararrun shi ne tsinke wannan zagayen.

Su wa ke wannan aiki a jihar Kaduna?

Mutane da yawa ba su san cewa babbar makarantar horar da ma'aikatan ruwa ta ƙasar nan a jiharmu take ba. Ita ce Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke kan hanyar Mando a Kaduna, wadda aka kafa a 1979. Daga jihohi daban-daban ake turo mata ma'aikata su koyi haƙa rijiya, gwajin ruwa da kula da injina.

Ruwan birane irin su Kaduna, Zariya, Kafanchan da Zonkwa yana hannun hukumar ruwa ta jiha, wadda a yanzu ake kira KADSWAC. Na ƙauyuka kuma yana ƙarƙashin hukumar RUWASSA.

Ta ɓangaren kuɗin waje, a 2004 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 120 don gyara harkar ruwan birane, kuma Kaduna tana cikin jihohin da aka yi aikin, tare da Ogun da Inugu. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwan sha da tsaftar muhalli. Sai kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin SURWASH, wanda ya shafi jihohi bakwai: Kaduna, Katsina, Gombe, Filato, Delta, Ekiti da Imo. Burin shirin shi ne mutum miliyan 6 su samu ruwan sha. A cikin kuɗin an ware dala miliyan 60 don tallafin ƙwararru.

Abu biyu ya kamata mu riƙe game da SURWASH. Na ɗaya, rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba ce, za a biya. Na biyu, yawancin kuɗin ba a sakin su sai jiha ta nuna aiki, an turo masu tantancewa sun tabbatar ruwa yana zuwa. Kamar dai yadda muke yi a kara: sai shanu sun sauka daga tirela an ƙirga, sannan direba ya karɓi cikon kuɗinsa.

Ku da ke Abiya da Imo da Delta wataƙila kun ji labarin E-WASH, shirin da hukumar USAID ta Amurka ta fara a 2018 don horar da hukumomin ruwa na jihohi shida, har da Neja da Sakkwato da Taraba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID. Darasin a fili yake: mai ba da tallafi yana iya tafiya ko yaushe, abin da zai rage mana shi ne abin da mutanenmu suka koya.

Me ya shafe mu da muke Kudu?

Ya shafe mu ta aljihu da kuma ta lafiya. Babban sa a lokacin zafi yana shan lita 30 zuwa 40 a rana, wato kusan jarka biyu. Ka lissafa shanu 30 da ke jiran mota kwana uku, ka ga kuɗin da mai kura zai karɓa. In kuma ba su sha ba suka hau doguwar hanyar Legas, za su sauka a rame, dillali ya karya farashi.

Ta ɓangaren lafiya, a 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Duk lokacin da amai da gudawa ko taifot ya shiga gida, wayar wa ake kira a turo kuɗin asibiti? Tamu ce.

Sannan mu ma a nan, yawancin unguwanninmu da kwatocinmu da burtsatse suke rayuwa. A kwata jini da kashin dabbobi suna bin kwalbati, wani lokaci dab da inda ake ɗiban ruwa. Ilimin da ake buƙata a Kafanchan shi ake buƙata a Agege.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu

Na farko, kada a haƙa sai an yi awon ƙasa. Yawancin Kudancin Kaduna dutse ne a ƙasa, ruwa a tsagogin dutsen yake taruwa. Taku kaɗan ne tsakanin rijiya mai ruwa da busasshiya. A kuma nesanta ta da masai da kwata, aƙalla mita 30.

Na biyu, a karɓi takarda daga mai aiki: zurfin rijiyar, inda aka rataye injin, irin injin, da yawan ruwan da take bayarwa a awa. Mu ba mu karɓa ba, shi ya sa mai gyara ya yi ta lalube.

Na uku, a cire kuɗin horo da gyara tun daga cikin kuɗin da aka tara, kafin a sayi san walima. A zaɓi matasa biyu mazauna unguwar, waɗanda ba sa bin tirela kamar ni, su tsaya tare da masu aikin daga farko har ƙarshe, su koyi wanke farantan sola, canza robar tuƙa-tuƙa, da gane ƙarar injin da ke neman lalacewa.

Na huɗu, a kafa kwamiti mai littafi da asusu, a sa kuɗi kaɗan a kan jarka da kan kowane kan dabba. A sa mata a ciki, don su ne suke fara sanin ranar da ruwa ya canza launi. A sa maƙwabta ma, Hausawa da Fulani da Fantswam da Kaninkon da Bajju, duk wanda zai ɗiba. Mun san irin rigingimun da garinmu ya gani, kuma famfon da kowa ke da hannu a cikinsa ya fi samun masu tsaronsa.

Na biyar, kafin a fara a leƙa sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma, a sanar da su, a nemi a gwada ruwan a ɗakin gwaji. Wanda kuma ruwan hukuma ke zuwa gidansu, ya biya kuɗin ya riƙe rasit, don mai rasit shi ke da bakin tambaya.

Ga ƙannenmu da suka gama sakandare suna zaune: gyaran famfo da sola da injin burtsatse sana'a ce mai ci. Mutumin da ya gyara namu sai da muka bi layi kafin ya samu lokacinmu.

Rijiyarmu dai ta dawo aiki, bayan mun sake yin karo-karo. Yanzu akwai yara biyu da ke kula da ita, kuma duk ƙarshen wata ana karanta lissafi a gaban jama'a. Mahaifina da kansa yake fara biyan kuɗin shanunsa. In ƙungiyarku tana shirin irin wannan sadaka mai gudana, ku kai maganar gaban Sarkin Hausawa ko shugaban kara tun kafin a kira mai injin haƙa. Allah ya karɓi aikinmu, ya ba mu zaman lafiya a gida da inda muke nema.