Waƙar Ailan Ba Ta Bin Ganga, Numfashin Mawaƙi Take Bi

Makaɗan ƙasar Ailan sun daɗe suna jayayya kan yadda za a ɗora tsofaffin waƙoƙin labari a kan kayan kiɗa. Wasu na ganin aikin ba wuya: ganga ta riƙe taki, fiyano ya cike gurbi, shi ke nan. Wannan gangancin ne ke kashe waƙar.

A tsohon salon da suke kira sean-nós, mutum ɗaya ke rerawa, ba kiɗa, ba tafi. Yakan ja gaɓa inda zance ya yi nauyi, ya tsaya inda numfashi ya ƙare, baiti na biyu kuma ba lallai ya yi tsawon na farko ba. To, idan an cire murya an bar sarewa da goge, wa zai nuna musu wurin tsayawa? Kalmomin da ba a furta ba. Shi ya sa manyan makaɗansu ke cewa kada ka busa waƙar da ba ka san baitocinta ba. Kamar mai kukuma ne: bakin mawaƙi yake bi, ba ya wuce shi.

Matsalar tsohuwa ce. A 1792 wani mai suna Edward Bunting ya rubuta kiɗan tsofaffin makaɗa a wani taro a birnin Belfas, ya buga littafi a 1796. Ya ceto abubuwa da yawa, amma ya lanƙwasa su don su dace da fiyano.

Wanda ya nuna hanya shi ne Seán Ó Riada, da ƙungiyarsa Ceoltóirí Chualann a farkon shekarun 1960. Bai yarda kowa ya yi kiɗa a lokaci ɗaya tun daga farko har ƙarshe ba. Sarewa ta ɗauki baiti ita kaɗai, goge ya karɓa, sannan uilleann, algaitarsu da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu, ta shigo da amonta mai tsawo da ba ya sauyawa. Gangar bodhrán ta fatar akuya sau da yawa shiru ne nata. Daga cikin mutanen Ó Riada Paddy Moloney ya fito ya kafa ƙungiyar The Chieftains a 1962.

Mai son tsara irin wannan waƙa, ya fara zama ya saurari tsoho yana rera ta, ya haddace baitocin, kafin ya taɓa kayan kiɗa.