Hisabin Abin da Girbi Ke Ɗauke wa Gona

Duk buhun hatsin da ya fita daga gona yana tafiya da wani rabo na ma'adinan ƙasa, daga cikinsu kuwa babu wanda ya fi cancantar a yi masa hisabi irin fosfat, sinadarin nan da ke ƙarfafa saiwa, ya taimaki zangarniya ta cika, wanda kuma ƙasar noman Arewa take da ƙarancinsa tun asali. Manomi ya san alamar rashinsa: masara tana ƙarama sai ta tsaya cak, gefen ganyenta ya rine ya koma shunayi.

Ƙa'idar da malaman gona suka kafa ita ce a auna amfanin da aka girbe, sannan a ninka shi da gwargwadon abin da ƙwayar ta ƙunsa. Tan ɗaya na masara, wato buhu 10 masu kilo 100, yana ɗauke kimanin kilo 6 zuwa 7 na fosfat, alhali buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 kilo 7.5 ke cikinsa, na takin Supa mai kashi 18 cikin 100 kuwa kilo 9. Wanda Allah ya ba buhu 30 a hekta guda, to, ya ci bashin gonarsa kusan kilo 20, wanda buhun Supa biyu ba su cika biya ba. Waken soya, tan da tan, yana cin kusan ninki biyun haka.

Abin da ya fi damuna shi ne kara, wanda ake kwashewa ƙaf bayan kaka domin dabbobi da danni da murhu, ba tare da kowa ya sa shi a lissafi ba, ko da yake shi ma da nasa rabon yake fita. In dai ba a mayar da takin dabbobin gona ba, hasarar ta tabbata.

Sai dai wannan mizani yana riƙe gona ne a matsayin da take, ba ya tayar da wadda ta riga ta gaji, domin ƙasa takan ƙulle wani kaso na fosfat ɗin da aka zuba, ta hana shuka samunsa a daminar farko. Shi ya sa ya wajaba a haɗa hisabin da gwajin ƙasa, irin wanda ake yi a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, dabarar da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a Nijar ta fi masa fa'ida: ɗan tsunkule na taki a cikin ramin shuka, kusa da iri, inda saiwar gero za ta riske shi da wuri.