Rubuta Furojet a Waya: Abin da Ke Sa a Dawo wa Ɗaliban Bayoloji da Kundinsu

Da zarar zangon ƙarshe ya zo gangara, shagunan buga takardu na Gyadi-Gyadi da Tarauni sai su cika da ɗaliban ajin ƙarshe, wannan da filash, wancan da waya a hannu. Wasu daga Jami'ar Bayero suke, wasu daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Da yawansu ba su da laftof, a waya suka rubuta babi biyar ɗin nan gaba ɗaya.

Wannan ba abin kunya ba ne, waya na iya ɗaukar mafi yawan aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa malami ba don rashin ingancin bincike yake dawo da kundi da jan biro ba, sai don tsarin rubutu. Kowace dawowa kuwa kuɗin sake bugawa ce da asarar kwanaki, ga ranar kare kundi ba ta jiran kowa.

A fara da takardar sashe

Kowane sashe yana da ƙa'idarsa, kuma ita ce alƙali. Yawanci ana neman takardar A4, rubutun Times New Roman mai girma 12, da tazara tsakanin layuka. Ɗalibin da ya saita waɗannan a Word ko Google Docs tun ranar farko ya huta. A duba girman takarda musamman, domin wasu manhajoji kan buɗe da samfurin Letter na Amurka, wanda ya fi A4 gajarta, sai shafuka su hargitse wajen bugawa.

Kanun babi kuma kada a tsaya ga ƙara musu kauri da hannu. A sa musu Heading 1, ƙananan kanu a sa musu Heading 2. Da su ne kwamfuta ke haɗa jadawalin abin da ke ciki da kanta, har da lambar shafi.

Sunayen halittu

Nan ne ɗalibin bayoloji ya bambanta da sauran. Tun daga littafin Species Plantarum na Carl Linnaeus a 1753, sunan kimiyya na tsiro kalma biyu ne, haka ma na dabbobi da ƙwayoyin cuta daga baya. Kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami, kuma duka biyun a karkace ake rubuta su: *Moringa oleifera* ga zogale, *Azadirachta indica* ga darbejiya, *Plasmodium falciparum* ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Bayan ambaton farko ana taƙaitawa zuwa *P. falciparum*. Sunan dangi irin Meliaceae ba a karkata shi, haka ma "spp."

Kibod ɗin waya shi ne babban mai ɓarna a nan. Yakan canza kalmar Latin zuwa wata ta Turanci ba tare da mai rubutu ya lura ba. Maganin shi ne a kashe gyaran kai-tsaye, ko a saka sunayen a ƙamus ɗin kibod. Sannan kwafo rubutu daga WhatsApp zuwa Word na zubar da karkacewar, don haka a ƙarshe a nemo kowane suna da maɓallin bincike, a duba shi ɗaya bayan ɗaya.

Manazarta

Sassa da dama na bin tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Ba sai an rubuta da hannu ba. A Google Scholar, ƙarƙashin kowace maƙala akwai maɓallin Cite da ke bayar da ita a tsare. Akwai kuma ZoteroBib, shafi ne kyauta da ke aiki a burauzar waya: a saka lambar DOI ta maƙala, shi zai fitar da sauran. Duk da haka a sake dubawa, domin waɗannan manhajoji kan bar sunan halitta a miƙe cikin taken maƙala.

Hattara da ChatGPT da ire-irensa. Sukan ƙirƙiro maƙalar da babu ita a duniya, da sunan marubuci da shekara kamar gaske. Duk maƙalar da ɗalibi bai buɗe da idonsa ba, kada ta shiga kundinsa. Tambaya ɗaya a zauren kare kundi ta isa ta tona asiri.

Hotuna da alamomi

Kyamarar waya na iya ɗaukar hoto ta idon maikiroskof idan an daidaita hannu. A rubuta ƙarfin girmamawar nan take, ×40 ne ko ×100, kafin a manta. Idan za a tura hoton ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage masa inganci. Alamomi irin µl da °C da CO₂ su ma a duba su, kada µ ya koma u.

Wanda ya karɓi samfurin jini ko fitsarin marasa lafiya, misali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Takardar nan a ɗauki hotonta tun ranar da aka karɓe ta, za a buƙace ta a rataye.

Kada kundi ya zauna a waya kaɗai

Masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre na iya canza sikirin ko batir, amma wayar da aka ƙwace ko aka goge ta tafi da abin da ke cikinta. Kowane asusun Google na da 15GB kyauta, kuma Google Docs na adana tsofaffin kwafi, ana iya komawa kan rubutun makon jiya. Sakamakon gwajin dakin bincike ya fi komai tsada, domin babi ana sake rubuta shi, amma gwajin wata uku ba ya maimaituwa a mako ɗaya. A ɗauki hoton littafin gwaji duk ranar da aka yi aiki.

Ranar ƙarshe ta kwamfuta ce

Abu biyu sun fi sauƙi a kwamfuta: fitar da jadawalin abin da ke ciki, da raba lambobin shafi, na farko su zama i, ii, iii, babi na ɗaya ya fara da 1. Awa ɗaya a shago ta isa idan an riga an saita kanu.

Daga nan a mayar da fayil ɗin PDF kafin a buga. Fayil ɗin da aka tsara a WPS yakan sauya fasali idan an buɗe shi a Word ɗin shago, tebur ya tsallaka wani shafin, amma PDF ba ya motsi. A buga kwafi ɗaya, a kai wa malami ya sa hannu, sannan a biya kuɗin ɗauri.