Idan Dashen Ɗan Tayi Ya Ƙi Kamawa

A Kumbashi ta ƙasar Kontagora, in mace ta shekara biyar da aure ba ta ko ɓatan wata, to kowa ya zama likitanta. Wannan ta kawo saiwa, waccan ta kawo rubutu, uwar miji kuwa ta fara zancen ƙarin aure. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙanwata ta sha wannan gorin har ta gode wa Allah. Daga ƙarshe mijinta ya sayar da shanun huɗarsa, suka tafi wani asibitin kuɗi a birni domin dashen ɗan tayi, wato IVF: a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa.

Aikin ya daɗe. Ta haka aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, aka haifi Hannatu Kupchi a Abuja a 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada. Malaman Masar sun halatta shi tun 1980, muddin ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne.

Sai dai dasawa daban, kamawa daban. An dasa wa ƙanwata, babu. Aka sake, aka kuma sakewa, shiru. Wani dare ta kira ni, muryarta na rawa: "Yaya, sun ce akwai ƙarin magani, in mun biya zai kama. In sayar da sarƙata?"

A nan ne nake son mata su buɗe ido, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Akwai karce bangon mahaifa kafin dashe, wanda aka yi shekaru ana yayi. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajinsa kan mata 1,364, wasu an karce, wasu ba a taɓa ba: kashi 26 cikin ɗari suka haihu a kowane ɓangare. Akwai ƙwayar prednisone ta danne garkuwar jiki. An gwada ta kan mata 715 a ƙasar Sin, sakamakon 2023 ya nuna ba ta ƙara haihuwa ba. Ƙarin ruwan kitse ta jijiya, da zuba sinadarin jinin mace a mahaifarta, su ma hujjarsu ba ta nuna ba tukuna, kuɗinsu ne kawai ya nuna.

Yawanci matsalar daga ɗan tayin take. Ya yi kyau a madubin likita, alhali ƙwayoyin halittarsa ba su daidaita ba, kuma hakan na ƙaruwa bayan mace ta haura shekara 35. Shi ya sa shekarun da ake ɓatawa a gida ana jiƙe-jiƙe suke ci mini rai.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne bincike. A duba bututun ƙwai: in ya toshe ya tara ruwa, ruwan na gangarowa mahaifa ya rage damar kamawa da kusan rabi, kuma cire bututun ko ɗaure shi na gyara lamarin. A duba ko akwai ƙari ko tsiro a cikin mahaifa, a auna kaurin bangonta. Maigida ma a sake auna maniyyinsa, ya bar taba in yana sha. Shi ɗin da dangi ba sa taɓa tambaya.

Na ce wa ƙanwata ta riƙe sarƙarta, ta nemi a sake duba bututunta. Aka tarar da ruwa a na hagu, an yi mata aiki, yanzu tana jiran dashe na gaba.

'Yar'uwa, haihuwa rabo ce, amma kafin ki biya kuɗin kowane ƙarin magani, ki tambayi likita ƙarara: a kan mata nawa aka gwada shi, kuma nawa suka rungumi jariri?